TAFIYAR ƘAFA BAYAN AWON LIKITA: Magana Ga 'Yan Kasuwa Da Ma'aikata, Daga Misalin Randagi

'Yan'uwa masu bibiyar wannan fili, maganar da muka ɗauko muku a wannan mako ta faro ne daga ɗakin likita, amma za ta biyo mu har rumfar kasuwa, da teburin ofis, da ƙofar masallaci.

Mu ƙaddara wani mai sayen hatsi a Randagi, can yammacin ƙasar Birnin Gwari. Shekarunsa sun ɗan haura 50. Allah ya yi masa rufin asiri, yana da babur na shiga ƙauyuka, yana da yara masu ɗaukar masa buhu, bana kuma ya biya kuɗin kujerar Makka. Da lokacin awon lafiyar maniyyata ya zo, sai ya tafi yana ganin cika takarda ne kurum, domin a saninsa rabonsa da kwanciya ciwo tun wani zazzaɓi da ya yi shekarun baya. Aka ɗaura masa abin awo a damtse, aka hura, aka sassauta. Ma'aikaciyar ta dube shi, ta sake ɗaurawa. Aka ce ya komo wata rana. Ya komo, awo bai sauya ba: 160 bisa 100. Likita ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri da dunƙulen miya, sa'an nan ya ce masa ya riƙa tafiya da ƙafa ta rabin sa'a kowace rana.

Ƙwayoyin dai ya karɓa da hannu biyu, don mu mutane ne masu girmama magani in an saye shi da kuɗi. Maganar gishiri ya ce zai gaya wa uwargida. Ta ukun ce ta ba shi dariya. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sammakon gona da ƙafa, yana komowa da damin dawa a ka, yau da Allah ya ba shi abin hawa za a ce ya sauka ya koma taka ƙasa?

Ban ambaci suna ba domin ba mutum ɗaya ba ne. Akwai shi a Randagi, akwai shi a Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa, akwai shi a sakatariyar ƙaramar hukuma yana sa hannu a fayil, kuma mai yiwuwa ne shi ne yake riƙe da wannan jarida yanzu.

MA'ANAR LAMBOBIN NAN BIYU

Zuciya tsoka ce wadda ba ta fi dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda. Duk bugu ɗaya tana tura jini cikin jijiyoyi. Lambar sama ita ce ƙarfin da jinin yake dannar bangon jijiya a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa ita ce ƙarfinsa a lokacin da ta saki tana hutawa kafin bugu na gaba. Bisa ga ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka auna mutum a ranaku biyu dabam dabam aka samu ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to, yana da hawan jini.

Abin da ya sa wannan ciwo ya fi zazzaɓi haɗari shi ne ba ya sallama. Mutum zai shekara goma da shi yana ci yana sha yana ciniki, alhali kuwa zuciyarsa tana ta yin kauri saboda wahalar turi, jijiyoyinsa suna taurara, ƙodarsa tana lalacewa a hankali. Ranar da zai bayyana kansa, sau da yawa ita ce ranar da za a ce wane ya faɗi a banɗaki, ko an tashe shi sallar Asuba an tarar baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Sai mu ce iska ce ta buge shi, ko sammu aka yi masa a kasuwa.

Wani nazari da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa masu hawan jini a Nijeriya sun tashi daga kimanin miliyan 4.3 a 1995 zuwa miliyan 27.5 a 2020, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai uku. Daga cikinsu kashi 29 cikin 100 ne kaɗai suka san suna da shi, kashi 12 suke shan magani, waɗanda kuwa jininsu ya sauko inda ake so ba su kai kashi 3 ba. Saboda haka mutumin namu na Randagi, ko da yake ya fito asibiti ransa a ɓace, yana cikin 'yan ƙalilan da suka ji labari tun da sauran lokaci.

DIREBA DA KWANDASTA

Wanda ya fara kafa hujja da lissafi cewa zama yana cutar da zuciya wani likita ne a Ingila mai suna Jerry Morris. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya ya yi ta kashe magidanta a can, ba a san dalili ba. Morris ya duba ma'aikatan sufuri na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Motocin safa na birnin masu bene ne. Direba yana zaune bisa kujera kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi, ya taka matakala ɗaruruwa kafin a tashi aiki. Mota ɗaya, gari ɗaya, rayuwa kusan iri ɗaya. Da ya buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1953, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Ya sake dubawa a gidan waya, ya tarar haka abin yake tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawunan da suke zaune.

Masu gardama suka ce ai dama masu teɓa ne suke neman aikin direba. Morris ya je ya nemo takardun awon wandunan yunifom da ake ɗinka wa ma'aikatan. Lalle direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko da ya gwada mai tumbi da mai tumbi, siriri da siriri, kwandasta ne dai ya fi tsira. Daga baya ya bi ma'aikatan gwamnati kusan 17,000, ya buga a 1973 cewa waɗanda suke motsa jiki sosai bayan an tashi ofis sun fi kuɓuta daga ciwon. Shi kansa bai bar motsa jiki ba, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Duk wanda ya san tashar mota a ƙasar nan ya san wannan labari ba baƙo ba ne. Yaron mota yana nan kamar bulala muddin yana ɗaure kaya yana kwancewa. Ranar da aka ba shi makulli, ka ba shi shekara biyar ka dubi cikinsa. Haka ɗan kasuwa: yana yaron shago yana zirga-zirga, in ya zama maigida sai tabarma da matashi. Haka ma'aikaci: masinja yana yawo, babban akawu yana buga ƙararrawa. A wurinmu ɗaukaka da zama tare suke zuwa.

Akwai kuma masu cewa mai hawan jini hutu yake bukata, tun da tunani ne ya kawo shi. Gaskiya ne doguwar damuwa da rashin barci suna taimaka wa ciwon, amma kwanciya ba ta maganinsa. A 1966 likitoci a birnin Dalas na Amurka suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku, ba tare da wani ciwo ba. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan aka auna su, aka ga raunin da mako ukun nan ya jawo wa ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya fi wanda tsufan shekara 30 ya jawo.

YADDA ƘAFA TA ƘWACE MANA

Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun kori jakuna daga Kano har Gwanja suna neman goro, su yi watanni a hanya. Wasu sun bi ta Barno da Sudan da ƙafa har bakin Bahar Maliya don sauke farali, su shekara da shekaru kafin su komo. Ko a jiya jiya, mutumin ƙauye ba ya lissafa tafiyar kasuwar mako a cikin wahala. Abin da ya sauya al'amarin shi ne babur, da kuma acaba wadda ta kai ga ko gidan maƙwabci za ka sai ka ɗaga hannu. A cikin gida ma injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi. Ba na kukan wannan sauƙi, ni'ima ce. Sai dai jikin da aka sauke wa wahala ba a rage masa tuwo ba, ƙari ma aka yi masa da lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu.

Mutanen Randagi kuwa suna da wani dalili na biyu wanda mutumin Kano ko Zariya ba shi da shi. Randagi ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, ƙasa ce ta noma wadda dazuzzuka suka kewaye, ga dajin Kamuku, ga na Kuyambana ta wajen iyakar Zamfara. Shekaru da yawa 'yan bindiga sun mamaye waɗannan dazuzzuka. Hanyar gona wadda ita ce tafiyar manomi ta kullum ta zama wurin ɗaukar mutane, har wasu manoma sai sun biya kuɗi kafin su shuka ko su girbe. Hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 120, ta zama abin tsoro. Mutumin da ya saba yini a tsaye sai ya koma yini a zaune gindin bishiya, kunne a tashe, dare kuma barci rabi da rabi. Ga zama, ga fargaba, ga asibiti ya yi nisa.

Wani abin lura ya faru a ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawan babur na tsawon wata uku, ta kuma sa aka toshe layukan waya a wasu yankuna don matsa wa 'yan bindiga. Dole ta sa manya da yara suka koma taka ƙasa a cikin gari. Babu wanda ya yi wa wani dariya a lokacin, domin kowa ya san dalili. A watan Nuwamba na 2024 kuma Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan maganar sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta shekara da shekaru a rufe. Muna roƙon Allah ya zaunar da ƙasa lafiya. Amma ba zan ce wa kowa ya fita bayan gari da asubar fari don likita ya ce ya yi tafiya ba. Kowa ya fi ni sanin halin da unguwarsa take ciki, kuma tafiyar da zuciya take bukata ana iya yin ta duka a cikin gari, tsakanin gidaje, da rana a sama.

ABIN DA MUTANE ZA SU CE

A ganina babban abin da yake hana mutuminmu bin maganar likita shi ne bakin mutane. Lalaci da rashin lokaci suna bayansa. Ranar farko da ya fito da ƙafa, kafin ya kai kwanar masallaci ɗan acaba zai tsaya: "Baba, hau in kai ka." Abokin ciniki zai tare shi: "Alhaji, lafiya? Ina mashin ɗin?" Kafin azahar magana ta kai kasuwa cewa wane ya sayar da babur. Ga ɗan kasuwa wannan ba wasa ba ne, domin jarinsa rabi kuɗi ne rabi mutunci. Wanda ake zaton ya karye, manomi ba zai ba shi hatsi bashi ba. Ma'aikaci ma haka: in aka ga Yallaɓai yana tafe a ƙasa sai a ce ko an karɓe motar ofis ne.

Maganin wannan ɗaya ne, a faɗi gaskiya da baki. Ka ce likita ne ya sa ka, jininka ya hau. Mu kan ɓoye ciwo kamar abin kunya, alhali cikin majalisar da kake zama, in lissafin da muka kawo a sama ya yi daidai, kowane mutum na uku irinka ne, bai dai sani ba. Mako biyu kurum za a yi ana tambaya, daga nan a saba. Idan kuwa aka samu mutum biyu ko uku masu faɗa a ji suka jera tare, to, magana ta ƙare, sai ma ka ga wasu sun biyo baya. Malaman unguwa da hakimai da shugabannin kasuwa za su iya sauƙaƙa wa jama'a wannan abu da ƙafafunsu fiye da yadda za su yi da lasifika.

Ba kuma sai an sayi rigar 'yan ƙwallo an fita ana tsalle a bakin titi ba. Dattijo ya sa taguwarsa da hularsa ya tafi cikin mutuncinsa. Takalmi ne kaɗai abin kula: wanda ya riƙe dunduniya, ba silifa mai santsi ba.

TSAKANIN GIDA DA MASALLACI

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin sa'a sau biyar a mako. Ta kuma janye tsohon sharaɗin cewa sai an yi minti 10 a jere kafin a lissafa, watau gutsuttsuren tafiya ma suna shiga lissafi. To, mai karatu ya raba 30 gida 5. Minti shida ke nan bayan kowace salla.

Musulmi yana da abin da ma'aikacin Landan ba shi da shi: sau biyar a yini ana kiransa ya tashi daga inda yake zaune. Falalar takawa zuwa masallaci sananniya ce a wurin kowane almajiri. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Banu Salima, waɗanda suka yi niyyar tasowa daga unguwarsu mai nisa su dawo kusa da masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su zauna inda suke saboda ladan sawayensu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yakan ziyarci masallacin Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci da ƙafa, ga shi kuwa tsakanin Ƙuba da masallacinsa ya haura kilomita 3. Malamanmu na Malikiyya sun so a tafi Juma'a da Idi da ƙafa ga mai iko, ranar Idi kuma a komo ta wata hanya dabam. Mu kuwa yau har masallacin da ake jin tarin liman daga zaure sai mun tayar da babur.

Amma akwai wurin da za a yi hattara. Tafiyar da take amfanin zuciya tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ta ɗaga numfashi. Zuwa salla kuwa an umurce mu da natsuwa, an hana gaggawa ko da an ta da iƙama. Akwai kuma maganar niyya, kada mutum ya wayi gari yana zuwa masallaci don likita. Shawarata, kuma malamai sun fi ni sani, ita ce a raba su. Tafiyar zuwa ta salla ce, a fita da wuri a tafi a natse. Dawowa kuwa taka ce: ka bi doguwar hanya, ka zaga ta bayan makaranta ko ta bakin kasuwa, ka buɗe ƙafa. In ka biya ka duba mara lafiya ko ka gai da wata gwaggo da ka kwana biyu ba ka gani ba, ka haɗa da zumunci. Illa dai a sani tsayuwar gaisuwa ba ta cikin lissafin minti shidan, mu kuwa gaisuwarmu ba gajera ba ce.

WANE IRIN SAURI, KUMA NAWA

Ma'aunin saurin mai sauƙi ne. Ka yi tafiyar da za ka iya magana da abokin tafiyarka, amma in aka ce ka ja karatu da ƙira'a numfashi ba zai bari ba. Ga yawancin mutane wannan wajen taku 100 ne a minti ɗaya, watau taku 3,000 a rabin sa'a, tafiyar kilomita 2 da 'yan kai. Wanda ya daɗe a zaune kada ya fara da wannan. Ya fara da minti 10 a yini, ya riƙa ƙara kaɗan kowane mako, sannu ba ta hana zuwa.

Masu wayar hannu za su ga tana ƙirga musu taku tana neman 10,000. Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Asalin lambar suna ne da wani kamfanin Japan ya raɗa wa na'urarsa ta ƙirga taku a 1965 don ta shiga kasuwa. A 2019 wani nazari da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta jagoranta kan tsofaffin mata fiye da 16,000 ya nuna masu taku wajen 4,400 a yini sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a shekarun da aka bi su, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500. Riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan.

Abin da tafiyar take yi a cikin jiki shi ne, jijiyoyi suna koyon sakin jiki, tsokar ƙafa tana zuƙe sukari daga jini, zuciya kuma tana iya tura jini mai yawa a bugu ɗaya, har bugunta na lokacin hutu ya ragu. Wani bita da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje 73, ya samu cewa tafiyar ƙafa tana rage lambar sama da kimanin 4. Mai karatu zai ce 4 kawai? To, a gwaje-gwajen magunguna an ga raguwar 5 tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da wajen kashi 10 cikin 100. Amma a yi lissafi da kyau: 160 a cire 4 saura 156, ba a kai gaci ba. Saboda haka tafiya ba ta maye gurbin ƙwaya. Babban kuskuren da yake kwantar da mutanenmu shi ne su ji sauƙi su ajiye magani, ko kwalin farko ya ƙare su ɗauka an warke. Ba mai rage maganin nan sai wanda ya rubuta shi. Gishiri kuma hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, a ciki har da wanda yake ɓoye a dunƙule da yajin tsire. Kanwa ma 'yar gidansu ce.

INDA ZA A TSAYA

Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110, ko wanda aka taɓa gaya masa zuciyarsa ta kumbura, ko mai kumburin ƙafafu, kada ya fara sai likita ya yarje masa. Kowa kuma, in yana cikin tafiya ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, musamman in yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko haki da ya wuce misali, ko jiri, ko zuciya tana dukan da bai saba ji ba, ya tsaya nan take, a nufi asibiti da shi a ranar. Wannan ba wurin nuna jarumtaka ba ne. Mai ciwon sukari kada ya taka ƙasa ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaya tana iya shiga bai ji ba.

Da bazara a bar tafiyar tsakar rana, a yi ta bayan gari ya waye ko bayan La'asar, a sha ruwa. Da azumi ta fi dacewa bayan an sha ruwa, ko a kan hanyar dawowa daga asham, a kuma tambayi likita yadda za a sauya lokutan shan magani tun kafin wata ya kama.

Kada a manta da mutanen cikin gida. Hawan jini bai san kulle ba, matan da suka manyanta kuwa sun fi mazansu zama wuri ɗaya. Zagayen tsakar gida na minti 10 bayan cin abinci, sau uku a yini, ya cika rabin sa'a. Maigidan da ya kai kansa awo bai kai iyalinsa ba, aikin nasa rabi ya yi.

Mutumin namu na Randagi kuma yana da wani dalili na kusa, tun da Makka za shi. Safa da Marwa kaɗai, kai da komowa bakwai, sun kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zirga-zirgar jifa daga tantunan Mina kwana bayan kwana. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin aikin Hajji, suka yi doguwar tafiya cikin rana ba wurin fakewa, cikinsu kuwa da tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo. Ƙafar da ta shekara goma a kan babur ba za ta koyi wannan aiki cikin kwana biyar ba.

Ya nemi ɗan ƙaramin littafi irin wanda yake rubuta bashin hatsi. Shafi ɗaya na mintocin da ya taka kowace rana, ɗaya na awon jini, wanda zai riƙa yi a asibitin da ya fi kusa ko wurin ma'aikacin lafiya, yana zaune ya huta minti 5 kafin a ɗaura, ba goro a baki. Ranar da likita ya sa masa ta komawa, ya tafi da littafin da kwalayen maganin gaba ɗaya, har da waɗanda bai shanye ba.